Taswira da Riga: Nazari a kan Zanen Fadar Rima da Yadda Aka Gano Shi

Wanda ya tashi daga birnin Sakkwato ya bi gefen fadamar gulbin Rima, zai ratsa ƙasar Wurno kafin ya kai Goronyo. In kuwa ya bi gulbin Sakkwato ya yi gabas, sai ya faɗa Rabah. A cikin wannan yanki Magarya ta ke. Yau an fi sanin ƙasar da shinkafa da albasa da tafarnuwa, da madatsar ruwan Goronyo wadda aka gama gininta a 1984. Masu tarihi kuwa sun san ta da ribaɗi, gama a Magarya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi zama kafin ya kafa Wurno, inda ya rasu a 1837, hubbarensa kuma yana can har yanzu. An yi rubutu mai yawa a kan yaƙe-yaƙen wannan fada da littattafanta. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne irin aikin hannun da idonta ya saba gani, da ma'aunin da ta ke auna kyansa da shi.

Wannan takarda za ta duba ayyuka biyu da suka ratsa fadar nan, watau taswirar da aka bai wa Clapperton a 1824, da babbar riga mai aska takwas. Za ta auna su a matsayin zane, ta kuma bi sawun yadda aka gano su, domin hanyar da aka bi aka gano aiki ita ce ta kan yanke irin hukuncin da za a yi masa.

Kalmar ganowa

Ya kamata a fara da kalmar kanta. A tsarin aikatau na Hausa wanda F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, aji na shida shi ne mai ƙarewa da wasalin o, kuma aikinsa shi ne nuna cewa an yi abu a can, an juyo da shi nan. Daga saya a ke samun sayo, daga ɗauka ɗauko, daga gani kuwa gano. Ashe ke nan wanda ya gano abu ya gan shi ne a wani wuri, ya komo da shi ko da labarinsa zuwa inda ya ke. Kalmar tana da alƙibla a cikinta, alƙiblar kuwa gidan mai magana ce.

In an riƙe wannan, sai a ga cewa duk sa'ad da littafi ya ce an gano fasahar Hausa, akwai tambaya a ɓoye: aka kawo ta ina? Baturen da ya ɗauki riga daga kasuwar Wurno ya kai ta Landan, shi a bakinsa ya gano ta. Mutumin Wurno ba zai ce haka ba, zai ce an tafi da ita. Dukansu biyu sun faɗi gaskiya, amma ɗaya kaɗai ya rubuta littafi.

Taswirar Bello

Hugh Clapperton, wanda mutanen fada suka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Babban abin da ya ke nema shi ne ya san inda kogin Kwara ya ke ƙarewa. Ya ba da labari cewa Bello ya zana masa hanyar kogin a kan rairayi, daga baya kuma aka ba shi taswira a kan takarda, wadda wani malamin fada ya zana, tare da wani yanki na littafin Bello, Infaƙul Maisuri. An buga taswirar a Landan a 1826 cikin littafin tafiyar Denham da Clapperton. Clapperton ya sake dawowa a 1826, ya yi kwanaki a Magarya sa'ad da Bello ke zama can, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi, takardar da a ke gani a cikin littafin ba hannun malamin nan ba ne. An rage girmanta, wani gwanin ɗab'i na Landan ya sake zana ta, aka sa mata bayani da Turanci. Kaurin alƙalami da kaifinsa, da inda tawada ta taru da inda ta yi siriri, duk sun tafi. Abin da ya tsira shi ne tsarin: garuruwa a matsayin da'irori, hanyoyi a matsayin layuka masu haɗa su, kogi kuma ya bi ta tsakani. Sunan Bello ya manne wa taswirar, na mai zanen bai biyo ta ba.

Masana ƙasa na Turai sun yi mata hukunci da ma'auninsu, suka same ta da aibi biyu: ba ta kiyaye gwargwadon nisa, ta kuma nuna Kwara yana gangarawa gabas har ya zama Nilu na Masar. Aibi na biyu kuskure ne ba shakka, Richard Lander da ƙanensa John sun tabbatar a 1830 cewa kogin teku ya ke faɗawa. Amma kuskure ne mai asali, gama masana ƙasa na Larabawa, tun daga Idrisi a ƙarni na 12, suna haɗa kogin ƙasar Sudan da Nilu, malamin fada kuwa a kan littattafansu ya tashi. Har wa yau waɗansu masu tarihi suna ganin da gangan aka yi, domin abin da aka zana a rairayi ya kai kogin teku, abin da aka zana a takarda, wanda a ke sane za a kai Ingila, ya kau da shi daga can. In haka ne, to taswirar ta yi aikinta na ƙofa wadda aka buɗe rabi.

Aibi na farko kuwa, shi ne wurin da hukuncin Turai ya kauce. Wanda ya zana wannan takarda ba ya amsa tambayar mai awon ƙasa. Yana amsa tambayar madugu da manzon sarki: daga nan zuwa can ta wane gari za a bi, wane ne ke gaba, wane ne ke bayansa? A wannan ma'auni jerin zango ya fi tsawon mil amfani. Da'ira kuma ba ado ba ce kawai, siffar gari ce mai ganuwa, kamar yadda matafiyi ke iske shi. Kyan taswirar yana cikin taƙaitawarta, ta zubar da duk abin da mai tafiya ba ya bukata, ta bar masa gari da hanya da ruwa. Rauninta na gaskiya shi ne ta dogara ga bakin mai bayani. In babu wanda zai zauna kusa da ita ya faɗi kwana nawa ne tsakanin da'ira da da'ira, sai ta yi shiru. A fada akwai masu bayani. A Landan babu, shi ya sa aka ɗauke ta bebiya.

Riga mai aska takwas

Bello bai ɗauki sana'a abin wasa ba. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a da zaunar da su a garuruwa cikin wajiban mai mulki. A daular da ya shugabanta riga ta zama harshen mulki: da ita a ke naɗi, da ita a ke gaisuwa, da ita a ke sallamar baƙo. Mafi yawan manyan riguna a Kano da Zariya da ƙasar Nupe da Ilori a ke yin su, sunan girken Nupe ma shaida ne. Amma fadar Rima ce mahaɗarsu, nan su ke taruwa, nan kuma a ke rarraba su. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zauna a Wurno a 1853 da 1854, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, a cikin littafinsa kuma akwai hoton rigar saƙi da bayanin cinikin tufafin Kano da na Nupe.

Riga ɗaya hannuwa da yawa ne. Mata su kaɗa zare da mazari, marina su tsoma shi a karofi, masaƙa su saƙa ƙyallaye sirara, maɗinki ya harhaɗa su, mai zane ya zana, mai cin wuya ya bi zanen da allura, mabuga su buga. Zaren adon ya kan zama na tsamiya ko na auduga, shafin kuwa sau da yawa jan alharini ne. Ƙarshen duk wannan wahala, a gidajen ajiyar kayan tarihi na Landan da Balin, ɗan kati ne mai sunan ƙabila da sunan Baturen da ya kawo rigar.

Ga yadda tsarin adon ya ke. Nauyinsa yana kan babban aljihu a ƙirji ta hagu, inda asake su ke, biyu dogaye, sauran shida gajeru, uku-uku. Kusa da su akwai gidan biyar da dagi, sa'an nan wani layi ya kewaye su ya haura kafaɗa ya zarce baya. A dama kuwa an bar fili, sai tambari guda, wani kuma a gadon baya. Wanda ya saba da adon da ke raba jiki biyu daidai zai ce rigar ta karkace. Amma in an ƙara dubawa, sai a ga cewa filin dama shi ke ba cunkoson hagu numfashi, tambarin nan guda kuma shi ne ke riƙe ma'auni, kamar yadda ƙaramin dutsen awo ke tsayar da babban kaya. Tsinin aska yana jan ido ƙasa, kewayen tambari yana mai da shi sama. Wannan jayayya tsakanin mai tsini da mai kewaye ita ce ran zanen, gwani kuma a nan a ke gane shi: asakensa ba su kumbura, tsininsu ba ya dakushewa, ramukan allurarsa suna jere kamar gidan zuma, ƙyallen kuma bai tattare ba.

Aibin da gidajen ajiya suka yi wa riga ya yi kama da wanda maɗaba'a ta yi wa taswira. Su kan shimfiɗa ta a bango, hannuwa a buɗe, kamar fatar da aka shanya. Alhali kuwa ba a ɗinka ta domin a gan ta haka ba. Mai ita ya kan naɗe hannuwanta a kafaɗa, sai jan shafi ya bayyana a kan baƙin saƙi. In ya juya tambarin baya ya yi sallama da wanda ya bari. In ya hau doki faɗinta ya rufe sirdi. Rigar da ke bango an kiyaye zarenta, an ɓatar da tafiyarta.

Alƙalami guda

Taswira da riga, ko da ya ke ɗaya takarda ce ɗaya tufa, daga makaranta guda suka fito. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma shirya nunin fasahar Hausa a Landan a 1976, ya nuna cewa masu zana adon riga sau da yawa malamai ne da almajirai. Colleen Kriger kuma, a 1988, ta danganta bazuwar wannan ado da siyasar daular Sakkwato. Hannun da ya koyi ja da alƙalamin kara a kan allo, ya yi zayyana ranar sauka, ya saba da gidajen hatimi, shi ne ya zana da'irar gari a takarda, ya zana tambari a ƙirjin riga. Wanda ya dubi gidan biyar ya dubi hatimi zai ga kamanni, ko da ba a ce ɗaya ya haifi ɗaya ba.

Wannan yana da muhimmanci ga mai koyar da Hausa, domin ya nuna cewa raba adabi da zane gida biyu baƙon tsari ne. A fadar da Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi waƙoƙinta, tawadar da ta rubuta baiti ita ce ta zana aska. Sashen Hausa wanda ya ɗauki waƙar ya bar rigar ya ɗauki rabin gadon ne.

Dagi, keke da na'ura

Daga cikin adon riga babu wanda ya yi nisan tafiya kamar dagi. Ana samunsa a bangon soro da a aikin dukawa, a kan jar fatar akuyar Sakkwato wadda a ke jemewa da bagaruwa a rina da karan dafi, wadda kuma Turai ta daɗe tana saye da sunan fatar Maroko, domin ta can ta ke fitowa. Ga wata ganowa ke nan da ta sauya wa aiki uba. A zamanin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, wanda ya yi Firimiya daga 1954 zuwa 1966, dagi ya zama tambarin Jihar Arewa. Zaɓin ya dace, gama layi ne da ya sarƙe da kansa, ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa.

Amma ɗaukaka ta zo masa da hasara. A jikin riga dagi ɗan rakiya ne, yana zaune tsakanin aska da gidan biyar, girmansa kuma gwargwadon maƙwabtansa ne. Da aka cire shi aka kafa shi shi kaɗai a ƙofofin ƙarfe da shataletale da kan takardun ofis, sai masu kwaikwayo da yawa suka manta da ƙa'idarsa, watau layin ya hau sau ɗaya ya nutse sau ɗaya. Dagin da layukansa suka gicciye ba hawa ba nutsewa ya daina zama ƙulli, ya koma shaci.

Haka kuma batun keken ɗinki da na'urar ado mai aiki da kwamfuta. Ba adalci ba ne a zage su, domin su ne suka sa wa talaka rigar da a da sai mai sarauta ko attajiri, aikin watanni kuma ya koma na kwanaki. Aibinsu yana wani wuri. Mai cin wuya da hannu yana gyara zane gwargwadon faɗin ƙyalle da tsawon mai riga, na'ura kuwa zane ɗaya ta ke zubawa a kan kowa. Ta kuma sauƙaƙa cikawa, har filin dama, wanda shi ne numfashin rigar, ya kan cushe da ado. Sa'ad da zare ke da tsada gwani ya san inda zai tsaya; da ya yi araha sai sanin tsayawa ya zama shi ne gwaninta.

Abin da fim ya mayar

Akwai wuri ɗaya da a ke iya ganin tufafin ƙarni na 19 suna tafiya, shi ne fim. Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihun. Tufafin cikinsa kwaikwayo ne na zamanin labarin, saboda haka ba su zama hujjar tarihi. Amma suna nuna abin da bangon gidan ajiya ba zai nuna ba, watau yadda riga ke zama in mai ita ya zauna, da yadda ta ke buɗewa in ya miƙe.

Fim ɗin kansa ya ɓace shekaru da yawa. A 2016 aka gano asalin faifansa a cikin ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, bayan binciken da Didi Cheeka da abokan aikinsa suka fara a tsofaffin ɗakunan finafinan gwamnati a Ikko. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. A wannan karo ɗan ƙasa ne ya buɗe ƙofar, amma kayan gyara suna can waje, saboda haka wasalin o ya sake nuna Turai. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau masu fim na Kano sun yi finafinan sarauta da dama, sau da yawa kuwa a kan ga sarkin zamanin da sanye da shadda mai adon na'ura. Laifin bai tsaya kansu ba, gama babu littafin Hausa da mai shirya tufafi zai buɗe ya ga wace riga ce ta wane zamani.

Abin da ya rage ga malamai

Wannan giɓi ba ya bukatar kuɗi mai yawa kafin a fara cike shi, littafin rubutu ya ke bukata da kunne. Ɗaliban kwalejojin horon malamai da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna komawa hutu Wurno da Rabah da Goronyo da ƙauyukansu, inda akwai tsofaffin riguna a cikin adudu, da dukawa da maɗinka da magina waɗanda suka gaji sana'a. Abu uku ya kamata a ɗora musu.

Na farko, su tambayi sunan wanda ya yi aikin, da na wanda ya koya masa, kafin su tambayi sunan mai shi. Adabin Hausa ya riƙe sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya, saboda an yi ta faɗinsa. Sauran gwanaye sun nutse saboda ba a tambaya ba.

Na biyu, su rubuta kalmomin sana'a kamar yadda aka furta su. In dattijo ya ce rigas sarki, kada a gyara masa zuwa rigar sarki. A kuma sa alamar tsawon wasali da karin sauti, tun da ya ke rubutun yau da kullum ba ya bambanta zane na ɗaurawa da zane na alƙalami. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 suna ɗauke da sunayen riguna da na ado masu yawa; a karanta wa masu sana'a su, a ji waɗanda suka rage a baki da waɗanda suka mutu.

Na uku, shi ne mafi wuya, su tattara kalmomin hukunci: abin da gwani ke cewa in aiki ya yi kyau, da abin da ya ke cewa in ya ɓaci, da bambancin da ya ke yi tsakanin ado da kwalliya, tsakanin tsabta da ƙawa. Daga waɗannan ne za a gina ilmin tahakikin zane na Hausa, kamar yadda aka gina na waƙa daga kari da amsa-amo. Muddin babu su, mai nazari zai ci gaba da aron ma'auni, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Malamin da ya zana wa Clapperton taswira sunansa bai zo tare da ita ba, haka kuma matan da suka kaɗa zaren rigunan da ke Balin. Waɗannan sun wuce. Amma wanda ke cin wuyan riga yau a rumfar kasuwar Wurno yana da suna, yana da bakin faɗin dalilin kowane tsini da ya ja, tafiya wurinsa kuwa daga Sakkwato ba ta kai yini ba.